Gafiya mai lambar zinare da jan-bakin fadamar Haɗejiya: shin dabbobi na tunani?

Shin ɓera yana tunani? Kukan da tsuntsu yake yi kuma, magana ce ko hayaniya ce kawai? Wannan gardama ta tashi a majalisarmu ta gindin darbejiya wata rana bayan la'asar, da wani matashi ya miƙa wayarsa aka riƙa yawo da ita hannu zuwa hannu. Bidiyo ne na wata gafiya da aka rataya wa lambar zinare a wuya, wai don ta ceci rayukan mutane. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne. Wani ya ce Turawa sun ƙoshi ne, shi ya sa suke karrama abin da mu muke bi har rami da hayaƙi mu kai tukunya. Kawuna, wanda ya haura shekara 40 yana noman shinkafa a fadamar Auyo, bai tanka ba sai da aka lafa. Sannan ya ce, "Ku yara ba ku san ɓera ba. Ni na san abin da ya yi mini a rumbu."

Mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan batu. Akwai masu cewa dabba ba ta da komai a ka sai ci da gudu. Akwai kuma masu yaɗa saƙonni a WhatsApp cewa masana sun gano harshen tsuntsaye, har an kusa fara hira da su ta waya. Duka biyun sun kauce wa abin da bincike ya nuna. Kuma ga mai rumbu da mai gonar shinkafa, wannan ba hirar shan shayi ba ce, domin abokin gabar da yake koyon dabararka ba a yaƙarsa kamar wanda ba ya koyo.

Labarin gafiyar gaskiya ne

Sunanta Magawa, kuma namiji ne. Wata ƙungiya mai suna APOPO ce ta horar da shi. An kafa ƙungiyar a Beljiyam a 1997, cibiyar horonta kuwa tana Morogoro a Tanzaniya, a harabar Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine. An kai Magawa ƙasar Kambodiya, inda yaƙe-yaƙe suka bar nakiyoyi binne a gonakin talakawa. A Satumbar 2020 wata ƙungiyar kula da lafiyar dabbobi ta Ingila, PDSA, ta ba shi lambar zinare. Lokacin da ya yi ritaya a 2021 ya riga ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38. Ya mutu a Janairun 2022. Jinsinsa ɗan'uwa ne na kusa ga gafiyar da muke da ita a nan, mai jakar kumatun nan da take cikawa da gyaɗa.

Horon ba sihiri ba ne. Tun tana ƙarama ake sabar wa gafiya da hannun mutum. Sai a riƙa danna wani ɗan abu mai ƙara "ƙyas" a ba ta ayaba, har ta gane cewa wannan ƙarar alamar abinci ce. Daga nan ba za a danna ba sai ta tsaya a kan warin sinadarin nakiya. Bayan watanni, sai a sa mata ɗamara, a ɗaure da igiyar da mutum biyu suka riƙe, tana kai da komo a fili tana shinshina. Inda ta ji warin sai ta tona ƙasa da farce. Nauyinta bai kai ya tayar da nakiya ba, kuma ba ta tsayawa a kan ƙusa ko murfin kwalba kamar yadda na'urar neman ƙarfe take yi. Da irin wannan horo ake koya musu shinshinar kakin masu tari don gano tarin fuka. Ƙungiyar ta ce gafiya guda tana duba samfuri 100 cikin minti 20, kuma duk wanda ta nuna sai an sake tabbatar da shi a ɗakin gwaji kafin a nemi mara lafiyar.

Sai dai a lura da kyau: Magawa bai san yana ceton rai ba. Abin da ya sani shi ne wari, tono, ayaba. Wannan bai rage masa komai ba, amma shi ne ya kawo mu ga kalmomin da ake cakuɗawa.

Ilhami daban, koyo daban, tunani daban

Ilhami shi ne abin da dabba ta zo da shi. Ɗan tsako yana fasa ƙwai ya fara tsattsagar ƙasa ba tare da darasi ba. Koyo shi ne sauya hali saboda abin da aka gamu da shi, kamar kajin gida da suke rugowa in sun ji ƙarar kwanon dusa. Abin da masana suke nufi da tunani kuwa shi ne dabba ta riƙe hoton abin da ba ya gabanta, ta yi amfani da shi ta warware matsalar da ba ta taɓa gani ba. Haka ma sadarwa daban take da harshe. Sadarwa ita ce a aika alama wani ya karɓa ya sauya abin da yake yi. Harshe irin namu shi ne a ɗauki kalmomi ƙidayayyu a gina zantuttuka marasa iyaka, a ba da labarin bara, a yi alkawarin baɗi.

Masu bincike suna tsananta wannan rarrabewa ne saboda an taɓa jin kunya. A 1904 a birnin Balin na Jamus an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi. A tambaye shi, ya buga kofato daidai adadin amsar. Wani masani, Oskar Pfungst, ya bincika ya gano cewa in mai tambaya bai san amsar ba, ko kuma an hana dokin ganinsa, sai ya ɓata. Ashe jikin mutum yake karantawa: in an iso adadin, mai tambaya yakan ɗan saki jiki ba tare da ya sani ba, doki kuma ya tsaya. Tun daga nan ingantaccen gwaji sai an tsara shi yadda mai gwajin ba zai iya ba dabbar satar amsa ba. Duk bidiyon da aka turo maka na dabba mai abin al'ajabi, wannan ce tambayar farko: wa yake tsaye kusa da ita, kuma me take kallo?

Dalilin da ya sa ɓera ke ƙin shinkafar ɓera

Ga abin da ya samu kawu. Ɓeraye suka addabi rumbun dawarsa, ya sayo shinkafar ɓera a kasuwa, ya kwaɓa da gari da ɗan busasshen kifi, ya ajiye a kasko. Washegari aka tsinci gawa huɗu. Ya ƙara zubawa. Kwana na biyu guda ɗaya. Daga nan kaskon ya zauna har ya bushe babu wanda ya taɓa, alhali kullum da safe ga sabon kashin ɓera ga ɓawon dawa a gindin rumbu. Ya ce mini, "Ɗana, wallahi shawara suka yi."

Abin da ya gani gaskiya ne. Fassarar ce take buƙatar gyara, kuma bincike ya fayyace ta gaɓa gaɓa.

Ɓera ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, don haka tsaronsa yana bakinsa. Manyan ɓerayen da suka daɗe suna zama da mutane suna da tsoron baƙon abu sosai. Ka ajiye sabon kasko ko tarko a hanyarsu, sai su kwana biyu ko uku suna kauce masa. Ƙananan kusu sun fi su karambani, shi ya sa suka fi saurin faɗawa tarko. In babban ɓera ya yanke shawarar taɓa baƙon abinci, ɗanɗanawa yake yi kaɗan ya koma ya jira. In cikinsa ya murɗa, ya gama da wannan ɗanɗanon.

Wani Ba'amurke mai suna John Garcia ne ya tabbatar da wannan tun daga 1955. Ya nuna cewa ɓeran da ya sha ruwa mai zaƙi sannan ya yi rashin lafiya yakan ƙaurace wa zaƙin, ko da ciwon ya zo bayan sa'o'i, kuma sau ɗaya tak ya ishe shi darasi. Manyan masana na lokacin sun ƙi yarda da farko, domin a ka'idarsu dabba ba ta haɗa abu biyu sai sun zo a jere nan take kuma an maimaita. Ɓera ya ƙaryata ka'idar. To guba mai saurin aiki nan ta faɗi: mai haɗama ya ci da yawa ya mutu, mai taka-tsantsan ya ɗanɗana ya yi jinya ya tashi da ilimi. Gawa huɗun da kawu ya tsinta na masu haɗama ne. Waɗanda suka rage su ne suka ci gaba da cin dawarsa, su ne kuma za su haihu.

Batun shawara fa? Wani masani a Kanada, Bennett Galef, ya shafe shekaru a kan wannan. Ya gano cewa in ɓera ya dawo daga kiwo, 'yan'uwansa sukan shinshini bakinsa, kuma abincin da suka ji a numfashinsa shi za su fi so in sun fita. Ke nan labari yana yawo a cikin rami. Amma abin mamaki, a gwaje-gwajensa saƙon "wannan ana ci" ne yake wucewa, saƙon "wannan guba ne" bai wuce ba. Ko da ɓeran da aka shinshina yana cikin ciwo, na kusa da shi bai ɗauki darasin ƙi ba. Ba taro suka yi a kan kawu ba. Kowa da kansa ya koya, matasa kuma suka bi manya zuwa dawar da manyan suke ci.

Wannan sani shi ya sauya yadda ake yaƙar ɓera a duniya. A wajen 1950 aka fara sayar da warfarin, gubar da ke hana jini daskarewa, wadda ba ta kisa sai bayan kwanaki, yadda ɓera ba zai danganta ciwon da abincin ba. Ba a daɗe ba, a 1958 aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Sikotilan, wannan karon ta hanyar gado ba koyo ba. Dabarar da ba ta buƙatar kuɗi kuwa ita ce a fara ajiye abinci mara guba, ko tarkon da ba a ɗana ba, a wuri ɗaya kwana uku zuwa huɗu har su saki jiki, sannan a ɗana. A sa tarko a jikin bango, domin ɓera bango yake bi. Kuma a yi unguwa guda a lokaci guda, don in gida ɗaya ya share nasa, na maƙwabta ne za su cike gurbin.

Ina da damuwa ta musamman da gubar da ake zubawa a buɗe. Kaji suna ci, kyanwa tana cin mataccen ɓera ta bi shi, ga yara masu rarrafe. Ita ma mujiya, wadda muke jifa saboda camfi, ɓera ne babban abincinta, har a ƙasar Malesiya akwatunan sheƙa ake kafa mata a gonaki don ta zauna. Mun haɗa mata jifa da guba, sannan muna kukan ɓera ya yi yawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: hatsin da aka shanya a bakin titi da tukunyar da aka bari ba murfi gayyata ce. Wannan kuma ya wuce asarar hatsi, domin ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci.

Taswira a ka, da muryar da ba ma ji

A 1948 Edward Tolman ya kawo hujjar cewa ɓeran da ya yi yawo cikin ruɗaɗɗun lunguna ba haddar "dama, hagu" kawai yake yi ba, taswirar wurin yake riƙewa a ka. A 1971 John O'Keefe a Landan ya samu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ba sa motsawa sai ɓera ya iso wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser a Norwe suka gano wasu ƙwayoyin da ke auna nisa kamar an shimfiɗa raga a ƙasa. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Mu ma muna da irin wannan tsari, kuma yankin da yake ciki yana cikin wuraren da cutar mantuwar tsufa ta fara lalatawa, abin da ya sa tsoho kan ɓata a unguwar da aka haife shi.

Ɓeraye kuma suna surutu a saman abin da kunnenmu ke kamawa. Jin mutum yana ƙarewa wajen kilohaz 20 (kilohaz ma'aunin sirantar sauti ne). Ɓera a cikin tsoro yana yin dogon kuka a wajen kilohaz 22, a cikin wasa kuma gajeru a wajen 50. Jaak Panksepp, wanda ya riƙa yi musu cakulkuli yana naɗar wannan amo, ya kira shi dariya, wasu masana kuma suka ce kalmar ta yi girma.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Wannan karin maganar ta riga masana isa wurin. Tsuntsaye masu waƙa ba da waƙar aka haife su ba, koyonta suke yi a wurin manya. In aka raba ɗan tsuntsu da jinsinsa tun yana sheƙa, zai tashi da gurguwar waƙa. Yakan fara da gwalanto kamar jariri, ya riƙa saurarar kansa yana gyarawa. Peter Marler ya nuna a shekarun 1960 cewa tsuntsaye jinsi ɗaya a yankin San Faransisko suna da karin waƙa daban daban daga wannan unguwa zuwa waccan, kamar yadda za ka ji bakin Bahaɗeje ka bambanta shi da na Bakano. Masu kiwon kanari a keji sun san wannan a aikace, shi ya sa suke rataye ƙarami kusa da gwani. A kan kanari ne ma Fernando Nottebohm ya gano a shekarun 1980 cewa ƙwaƙwalwar babban tsuntsu tana haifar da sababbin ƙwayoyi, abin da a da ake cewa ba ya yiwuwa.

Ba sai an je Amurka ba, a zauna a tsakar gida. In shirwa ta gifta, zakara yakan ja wani siririn kuka, nan take kaji su maƙale ƙasa ko su shige ƙarƙashin rumbu, suna karkata kai sama. In kuwa kare ne ko muzuru, kukan daban ne, mai ƙarfi a yanke a yanke, kaji su miƙe wuya suna dube-dube. A 1993 Marler da abokan aikinsa suka naɗi waɗannan kuka biyun suka sa wa kaji a ɗakin da babu shirwa babu kare, kuma kowane kuka ya jawo irin martaninsa. Ke nan kukan yana ɗauke da bayanin inda haɗarin yake. An kuma lura zakara ya fi yin gargaɗin sama in akwai kaza kusa, in shi kaɗai ne sau da yawa shiru yake yi.

A Japan, Toshitaka Suzuki ya nuna a 2016 cewa wani ɗan tsuntsu yana haɗa kukan "a yi hattara" da na "ku zo nan", kuma in aka juya jerin a na'ura 'yan'uwansa ba sa amsawa yadda suka saba. Irin wannan binciken ne ake kumburawa a intanet a ce an gano nahawun tsuntsaye. Haɗa kira biyu abin lura ne, amma tsakaninsa da zance akwai tafiya mai nisa.

Wanda ya fi burge ni a Afirka aka yi shi. Akwai tsuntsun da ke jagorantar masu neman zuma zuwa kogon bishiya, su ɗebi zuma shi ya ci kakin saƙa. A 2016 Claire Spottiswoode ta auna wannan a wurin mutanen Yao na arewacin Mozambik, waɗanda suke da kira na musamman da suka gada. In an yi kiran, yiwuwar tsuntsun ya zo ya yi jagora tana tashi daga kashi 33 cikin ɗari zuwa 66, yiwuwar a samu zumar kuma daga kashi 17 zuwa 54. Tsuntsun daji ne, ba wanda ya kama shi ya horar.

Sai aku. Mafi shahara shi ne Alex, akun Afirka mai ruwan toka, wanda Irene Pepperberg ta yi aiki da shi daga 1977 har mutuwarsa a 2007. Ya san kalmomin Turanci fiye da 100, a nuna masa abu a tambaye shi launi ko siffa ya faɗa, ya kuma ƙirga abubuwa har shida. Wannan ya wuce kwaikwayo. Amma shekara 30 na horo a kan tsuntsu guda bai mai da shi mai ba da labari ba.

Ƙaramin kai ba ƙaramin aiki ba ne

An daɗe ana raina tsuntsu saboda ƙanƙantar kansa. A 2016 wasu masana suka ƙirga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar tsuntsaye suka tarar a cushe suke ƙwarai, har na aku da dangin hankaka suna gogayya da na wasu birai. A 2002 a Oksfod wata hankaka mai suna Betty, 'yar asalin tsibirin Sabuwar Kaledoniya, ta lanƙwasa waya ta yi ƙugiya ta ciro abinci daga bututu. A 2006 John Marzluff a birnin Siyatil ya sa wata fuskar roba ya kama hankaki ya sake su. Shekaru bayan haka duk wanda ya sa wannan fuskar sai sun taru a kansa da tsawa, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin kamun. A nan, saɓanin ɓera, labarin haɗari ya wuce daga baki zuwa baki. Kirarin nan na hankaka mai da ɗan wani naka ma yana da tushe, sai dai ita ake yi wa dabara: akwai tsuntsun da ke saka ƙwai a sheƙarta ya bar mata reno.

Inda aka rabu

A 2011 a Jami'ar Cikago aka kulle ɓera a ƙaramin bututu, aka bar abokin zamansa a waje. Cikin kwanaki na wajen ya koyi buɗe ƙofar, har ma wani lokaci ya rage masa cakulan. Masu gwajin suka ce alamar tausayi ce. Wasu suka ce son zama da ɗan'uwa ne kawai. Ita ma Betty, daga baya aka ga danginta a daji suna lanƙwasa tsinke, sai darajar "ƙirƙirar" ta ragu. Haka fagen yake: wani ɓangare yana tsoron a jingina wa dabba halin mutum, wani yana tsoron a hana ta abin da take da shi. A ra'ayina ɓangaren farko ya fi amfani wajen tsara gwaji, na biyu ya fi amfani wajen yadda za mu riƙe dabba.

Wasu a majalisa sun ji kamar wannan bincike yana taɓa darajar ɗan Adam. Ban ga haka ba. Alƙur'ani ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, ya ba da labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da alhudahuda, da hankakan da ya nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa, ya kuma halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. Fahimtar maganar tsuntsaye mu'ujiza ce da aka ba Annabi Sulaiman, na'urar naɗar murya ba ta kai can ba. Hankalin da ake yi wa hisabi kuwa na mutum ne, babu gwajin da ya ce ɓera yana da shi.

Jan-baki: inda ilimin ya shigo gonarmu

Duk wanda ya yi noma a Guri, Kirikasamma, Birniwa ko Auyo ya san wannan baƙin hadarin da ke tasowa da sassafe daga kachala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa. Jan-baki nauyinsa kimanin giram 20 ne, yana cin kusan giram 10 a rana. Garken miliyan 2 zai lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. An ƙiyasta yawansa a Afirka da kusan biliyan ɗaya da rabi, babu tsuntsun daji da ya kai shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, muhimmin bincike a kansa a ƙasarmu aka yi. Wani Bature, Peter Ward, ya yi nazarinsa a yankin tafkin Cadi a shekarun 1960. Ya gano cewa asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, kuma yana bin damina ne yana ƙaura, domin in ruwan farko ya sauka irin ciyawa ya tsiro, abincinsa ya ƙare a wurin. Gona yake faɗawa in na daji ya yi ƙaranci, shi ya sa shinkafa da alkamar rani, kore guda a tsakiyar busasshiyar ƙasa kuma ga ruwa kusa, suke shan wahala. A 1973 Ward da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin cewa makwancin tsuntsaye kasuwar labari ce: wanda bai samu abinci jiya ba yakan bi wanda ya kwana da ƙoshi in gari ya waye. Masana ba su gama yarda da wannan a kan dukkan tsuntsaye ba, amma wani gwaji da aka yi da jan-baki a keji a 1980 ya nuna wanda bai san wurin abinci ba yana bin wanda ya sani. Kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogin Haɗejiya ta ba su makwanci a bakin gonakinmu.

Ward ya kuma yi gargaɗin cewa kisan gilla ba ya rage yawansu na dogon lokaci, domin abinci ne ke iyakance su kuma suna hayayyafa da sauri. Feshin jirgin sama yana ceton gonakin da ke kusa da makwanci a wannan kakar, amma maganin yana kashe wasu tsuntsayen, yana kuma sauka a ruwan da masunta da makiyaya suke amfani da shi, a yankin da ke da mafakar tsuntsaye ta Baturiya. Manomin da shinkafarsa ta fara nono ba zai saurari wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma jirgi ba ya zuwa kowace gona.

Abin da ke hannun manomi shi ne sanin cewa tsuntsu yana sabawa. Mutum-mutumin da aka kafa da tsohuwar riga yakan yi aiki kwana kaɗan, daga nan su gane ba ya motsi, har su sauka a kafaɗarsa. Haka leda, haka zaren kaset, haka gwangwanin da iska kaɗai ke kaɗawa. Abin tsoron da ba ya cutarwa kuma ba ya sauyawa, darasi ne ake ba su kyauta. Sai an riƙa sauya masa wuri da kama, a haɗa shi da mutum mai majajjawa lokaci lokaci don tsoron ya zama na gaske. Ƙarfin tsaro a sa shi da hantsi da yamma, lokacin cinsu, tun ranar farko kafin gonar ta shiga labarin makwanci. Cire ciyawa ma kariya ce, don 'ya'yanta ne ke fara jawo su. Mafi girma kuma shi ne maƙwabta su yi shuka lokaci guda, domin gonar da ta nuna ita kaɗai, da wuri ko a makare, ita ce garken duka zai sauka a kai, kuma yaran gidan ne za su bar makaranta su yini a kan dakali suna ihu.

Da na gaya wa kawu batun shuka tare, sai ya ce wannan ai iyayensu sun yi, sarkin noma ne yake sa rana. Abin da ya raba kan mutane yanzu shi ne wani ya samu kuɗin taki da man inji da wuri, wani sai ya jira ya sayar da akuya. A bana dai shi da mutum shida masu iyaka da shi sun yi magana za su zuba iri a mako ɗaya, sun kuma haɗa kuɗin raga don rufe gefen da ke fuskantar kachala.